Huffin Alhaji a Kan Taya Ɗaya

Grand Concourse, Bronx
Ranar Litinin

Zuwa ga maigidana Latif, wanda ya yi yaji ya bar ni,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya Harlem, ya abokin zamanka Abdou? Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ba ta jin magana, sai kuma mamanka Fauzia da ta fi gwiwar.

In ka ga takardar nan ta yi maiƙo, miya ce, ba hawaye ba ne, kada ka ji daɗi. Ba zan kira ka a waya ba, don gidan nan in na yi tari a ɗaki Fauzia tana ji daga kicin, kuma ka san ta rantse ba mai ambaton sunanka a gabanta sai ran da ka sayar da wannan abin hawa naka. Zeinabou maƙwabciyarmu, mai kitso a shagon da ke kusa da masallacinku, ta yarda za ta riƙa tafiya da kular abinci, kai kuma ka riƙa biyawa kana karɓa. Amsarka ka naɗe ka sa ƙarƙashin murfi. Rubutuna ka yi haƙuri da shi, aji uku na yi a unguwarmu Nima, can gida, aka cire ni don in tallata ƙosai.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Shekaranjiya da hantsi ina bakin taga ina jan carbi, sai ga wani abu ya gilma tsakanin bas da motar shara. Taya ɗaya tak, ba kujera, ba abin riƙewa, mutum tsaye a kai ya saki hannuwa kamar mai jiran tela ya auna shi, ga jakar abinci a baya kamar goyo. Na ce a raina, wayyo, wannan ɗan wace baiwar Allah ce? Da na gyara tabarau sai na ga ɗan 'yata ne.

Na ga hular kwano a kanka, na gode Allah. Na ga abin da ka ɗaura a gwiwa, na ƙara godiya. Da idona ya sauka ƙasa sai carbi ya faɗi daga hannuna. Calewate, Latif? Silifar roba ta shiga banɗaki, shuɗiyar nan da na sayo maka a kasuwar Nima? Ka lulluɓe kai, wanda dama ba wani abin kirki a cikinsa, ka bar ƙafa a waje, yatsu suna leƙen titi kamar 'yan tsaki. Tayar bas ɗin nan ta wuce kusa da su, bai fi in sa tafin hannuna a tsakani ba. Kai ka wuce abinka, ko ɗaga kai ba ka yi ka dubi tagar matarka ba. Ni kuwa na kasa tashi daga kujerar har shinkafa ta kama.

Tun ranar duk motar asibitin da ta yi kuka a titin nan sai in leƙa taga, kuma ka san titin nan ba ya rabuwa da su.

Ka sayi takalmi. Ba na auren mai kaushi, balle gurgu. Akwai samari a layi, har da wani tsoho mai sanda a hawa na huɗu da ke riƙe mini ƙofar lifta.

Ka gaida Abdou. Ka wanke kular kafin ka dawo da ita.

Taka har kullum,
Kaka Hamdatu


Harlem
Laraba

Amaryata Hajiya Hamdatu,

Wa alaikumus salam. Na samu saƙo, na cinye waken tas, Abdou ya lashe murfi, saura kaɗan ya haɗa da wasiƙar. Ya gwiwa? Tsohon hawa na huɗu ki gaya masa na san ɗakinsa.

Ki kwantar da hankalinki, tayar nan ta fi keke biyayya. In na karkata gaba ta tafi, in na koma baya ta tsaya. Ba a neman wurin ajiye ta, ina jan ta har cikin lifta kamar akwati. Shi ya sa nake kai odar abinci fiye da masu babur. Mama ba ta tsaya ta ji wannan ba, ta ce ko taya ko ita.

Maganar takalmi kuwa, ba ƙin ji ba ne. Na taɓa sayen but, mai rufe idon sawu, mai igiya kamar ta guga. Mako ɗaya na yi da shi na ba Abdou. Ki duba, Kaka: azahar, la'asar da magariba duk a kan titi suke samuna. Wayar aiki tana ƙirga mini lokaci, in na jima ta ba wani odar. In shiga masallaci, in kwance igiya, in cire safa, in wanke ƙafa, in sa safa a kan jiƙaƙƙiyar ƙafa, in sake ɗaurewa, kafin in gama liman ya yi sallama, ga ƙafa tana damshi har yamma. Da calewate kuwa fit na shiga, fit na fito. Ke kika ce mini in na bar sallah a ƙasar nan ba ke ba ni. To ban bari ba.

Abu ɗaya dai zan gaya miki, kada ki gaya wa kowa. Tsayuwar tana da wuya. Matakin ƙarfe ne, da 'yan ƙusoshi a kai don kada a zame, suna huda robar ina jin su. Da safe tafin ƙafa zafi yake yi kamar na taka murhu. In rana ta yi tsaka sai ya koma tsira kamar allura. Zuwa la'asar ba na jin komai, musamman ta hagu, sai in sauka in ji kamar ƙafar wani na aro. Duk masu hawa haka suke cewa, wai ana sabawa.

Ki gaishe da Mama a zuciyarki, tunda da baki an hana.

Mijinki na gaskiya,
Latif


Grand Concourse
Ranar Asabar

Latif,

Sallama da gaisuwa, a gajarce yau, don raina ba daɗi.

Ka ce in kwantar da hankali, sannan ka ce ƙafarka tana mutuwa kullum da la'asar. Wane irin lallashi ne wannan?

Bari in ba ka labarin Abdoulaye mai dakon gawayi na unguwar Mamobi. Mutumin nan ya yi shekara da shekaru yana tafiya ba takalmi, bai taɓa shafa wa ƙafarsa ko man kaɗanya ba. Fuska kuwa hoda da turare, don yana son wata mai waina. Ƙafafun suka yi ta kai ƙara, da zafi, da tsami, da faso, ya ce su yi masa shiru. Ran nan ya tashi da safe zai sauko daga gado, sai ya ga ba kowa a ƙasa. Sun tafi. Mai shayi ya ce ya gan su sun shiga motar Kumasi, ta dama ce ma ta biya kuɗin mota. Har yau in ka je tashar da sassafe za ka ji takun mutum, ka waiga ba mutum.

Kana dariya, na sani. Da kana ƙarami in na ba ka wannan labarin sai ka kwana riƙe da ƙafafunka. Yanzu ni ce nake riƙe da nawa.

Don in san abin da kake ji, jiya na ɗauko manyan gwangwanayen tumatir biyu, na ajiye su a kicin, na hau, ƙafa ɗaya a kan kowanne, ina dafe da firji. Na ɗora ruwan shayi na ce zan tsaya har ya tafasa. Latif, butar ba ta ko fara kuka ba ƙafata ta tafi Kumasi. Da na zo sauka, na sa ta hagu a ƙasa, ban ji ƙasar ba, sai ji na yi na zube jikin kwandon shara. A kicin ne wannan, ba bas, ba motar kaya. Ina zaune a ƙasa na tuna kai kana yin wannan saukar a bakin danja, motoci na bayanka. Fauzia ta shigo ta same ni da gwangwani a gefe, ta ce, "Mma, me kike yi?" Na ce likita ne ya ce in riƙa motsa jiki. Ta dube ni, ta dubi gwangwanin, sannan ta daɗe tana wanke kofi ɗaya.

Maganar sallah ka ɗaure ni da igiyata. Ba zan ce ka bar alwala ba. Na yi ta juya abin har Allah ya tuna mini da kakanka Alhaji Rufa'i. Da yana tuƙa babbar mota daga Tema zuwa Yamai, yana da huffi, safar nan ta fata mai laushi da ta rufe idon sawu, ya sayo a Madina. Da asuba sai ya yi cikakkiyar alwala ya sa, sauran yinin in zai sake alwala ba ya cirewa, sai ya jiƙa hannu ya shafa a kai. Na tambayi malamin masallacinmu don kada in ɗora ka a kan kuskure, ya ce haka ne, addini ya yarda. Huffin yana ƙasan akwatina tun rasuwarsa, na fito da shi na goge da mai, har yanzu da ƙanshin Alhaji.

Yau kuma Zeinabou ta raka ni Fordham, shagon da magina suke sayen takalmi. Na ce da mai shagon ina son na mijina mai tsayuwa a kan ƙarfe yini guda. Ya kawo mai tauri a ƙasa, don ƙusa kada ta taɓa ka, mai laushi a ciki kamar burodi, bakinsa da ƙarfi ko guduma ta faɗa ba ta kai ga yatsa, wuyansa ya wuce idon sawu. Ba igiyar guga, zif ne a gefe, zuuu ka cire a ƙofar masallaci. Na ɗauki wanda ya ɗan fi ka, don huffi ya shiga, kuma mutumin ya ce ƙafa tana kumbura da yamma, in takalmi ya matse sai ta ƙara mutuwa. Ya ce ka riƙa motsa yatsu kana tafe, in ka ji allurar nan ta fara ka sauka ka taka da ƙafarka kaɗan. Oda ba ta fi ƙafa ba.

Ranar Litinin Zeinabou za ta zo da ƙunshin tare da tuwo. Yanzu ba ka da hujja sai taurin kai irin na gidanku.

Allah ya tsare mini kai.

Kakarka,
Hamdatu


Grand Concourse
Ranar Laraba

Latif,

Assalamu alaikum. Ina kake?

Zeinabou ta dawo mini da kula ranar Litinin da nauyinta. Na buɗe, tuwo yana nan ko yatsa ba a sa ba, wasiƙata tana nan yadda na naɗe ta, ƙunshin takalmi da ƙullin da na yi masa. Ta ce ba ka zo ba. Na ce wataƙila aiki ne ya yi yawa. Jiya na sake yin wani, da miyar kuɓewa da kake so, ya sake dawowa. Tun da aka haife ka ban taɓa jin ka bar kuɓewa ta kwana ba.

Na saci jiki na shiga banɗaki na kunna famfo, na kira lambarka. Wata Baturiya ce take ɗauka tana faɗin abu ɗaya. Zeinabou ta leƙa masallacinku da la'asar ta duba takalman da ke ƙofa, ta ce calewate shuɗiya ba ko ɗaya.

In fushi ka yi don na ce ba komai a kanka, na janye, akwai abu a ciki. In wata ka samu a Harlem ka gaya mini, na yafe, ko lefe ni zan haɗa. Ka dai rubuto ko kalma ɗaya ce.

Na koma bakin taga. Masu taya ɗaya uku suka wuce yau, ban san suna da yawa haka ba. Ba na duba fuskarsu, ƙafa nake dubawa. Fauzia ta tambaye ni me ya sa ba na cin abinci, na ce azumin nafila nake. Ta ce, "Ranar Laraba?"

Wannan takardar ba ta kula ba ce. Na ce da Zeinabou ta hau har ɗakinku ta tura ta ƙarƙashin ƙofa. Abdou, ɗana, in kai ka fara gani, ka buɗe, ba sirri a ciki. Don girman Allah ka gaya mini gaskiya. Na binne miji, na binne 'ya'ya biyu, ba abin da kunnena bai taɓa ɗauka ba. Shirun nan ne ba zan iya ba.

Hamdatu


Harlem
Alhamis

Zuwa ga Hajiya mai daraja,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da ladabi, ina fatan wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ni ne Abdou, mutumin Damagaram, da muke ɗaki ɗaya da Latif.

Hajiya, da farko: yana da rai, yana magana, kansa da bayansa lafiya. Ki yi hamdala kafin ki ci gaba.

Ya sa ni na yi alkawari ba zan faɗa ba, amma da na karanta takardarki na ga alkawarin ba mai riƙuwa ba ne. Zan nemi gafararsa daga baya.

Abin ya faru ranar Lahadi bayan la'asar. Mun yi sallah tare, ana yayyafi. Ya fito da sauri don oda tana jiransa, ƙafarsa ba ta bushe ba ya zura silifa ya hau. Tun a sahu na lura yana dukan ƙafar hagu da hannu, na tambaye shi, ya ce barci take yi, za ta farka. Ina bayansa a kan kekena. Da muka kai mahaɗar titi danja ta tsayar da mu, ya sauke ƙafar hagu zai dafa ƙasa. Ya gaya mini daga baya cewa bai ji ƙasar ba sam. Silifar ta maƙale a ƙusoshin matakin, igiyarta ta tsinke, ƙafar ta zame ta fita tsirara, ya faɗi gefe. Akwai wata kamiyo, babbar motar kaya, da ke karyo kwana a hankali. Tayarta ta baya ta bi ta kan gaban ƙafar. Direban bai gan shi ba, sai da mutane suka yi ihu.

Yana kwance a gidan likita nan kusa da mu, Zeinabou ta san wurin yanzu. Idon sawu ya karye, wannan sun ce gyaruwa yake. Abin da ake tsoro shi ne gaban ƙafar. Jini ba ya isa yatsu yadda ya kamata, biyu sun fara canja launi. Sun yi aiki sau ɗaya. Ranar Asabar da safe za su sake shiga da shi, a nan za su ga iya inda naman yake da rai. Likitar ta ce tana fatan yatsu kawai, amma ba ta yi alkawari ba, ta ce yana iya kaiwa rabin ƙafa, ko fiye. Ta tambaye ni wane takalmi ne a ƙafarsa, na nuna mata abin da na tsinto a titi. 

Ba ciwon ne ya fi damunsa ba, Hajiya. Cewa yake, "Mama ta faɗa, ga shi ya faru, da wace fuska zan dube ta?" Jiya kuma ya tambaye ni ko mutum mai rabin ƙafa yana iya tsayuwa a sahu.

But ɗin da ya ba ni yana ƙafata ranar. Tun daga lokacin na kasa sa shi.

Ni ban isa in ba ki shawara ba, amma yaron yana bukatar nasa. Ki huta lafiya, ki sa mu a addu'a.

Ɗanki,
Abdou


Asibiti
Ranar Juma'a

Maigida,

Assalamu alaikum, ko da yake ba ka amsa ba. Mun zo mun same ka sun ba ka maganin barci, baki buɗe kamar kifin Tema. A kujerar da ke gefen gadonka nake rubuta wannan, a kan gwiwata, shi ya sa layin yake hawa dutse.

Na ce "mun zo". Ka ji daidai.

Da Zeinabou ta kawo takardar Abdou na karanta a tsaye. Na zauna, na rasa ta inda zan fara. Fauzia ta dawo daga aiki tana cire takalmi a ƙofa, na ce, "Zo ki zauna, zan karya miki rantsuwa." Ba ta zauna ba. Ta ce, "Ƙafa ce ko kai?" Na ce ƙafa. Ta ce, "Tun ran gwangwani na sani. Kina tsammani ban san inda kulata take zuwa ba? Wa kike zaton yake ƙara nama a ciki?" Sannan ta mayar da takalminta, ɗaya nata ɗaya nawa, ta yi waje ba mayafi, sai da na bi ta da shi har lifta. Jiya ita ta zo ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin nan, ta hango ka, ta kasa shigowa. Yau ta shigo. Ga ta can tana gyara maka bargo karo na ba adadi. Maganar "na faɗa maka" ba ta fito daga bakinta ba, in kuma ta fito ni zan mayar da ita. Kaffarar rantsuwa ta ce za ta ciyar, na ce ta fara da ni.

Yau na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, ni da na ce ba mai sa ni a rami sai ranar da ba makawa. Ka ga abin da ka jawo.

Latif, na ga ƙafar. Sun naɗe ta ta yi kamar tulu, sun bar kan yatsun a waje. Na san yatsun nan tun suna kamar ƙwayar gyaɗa, ni na fara wanke su, ni na koya maka tsefe tsakaninsu in kana alwala. Babban yana nan da jininsa, na taɓa shi da ɗumi. Na biyu da na uku ban sani ba. Na ƙarshen biyu ba zan yi maka ƙarya ba, sun yi baƙi. Na tofa musu abin da na iya. Mai jinyar ta ga ina tofi, ta yi kamar ba ta gani ba, Allah ya yi mata albarka.

Tsoro nake ji. Ban taɓa rubuta wannan kalmar ga kowa ba, na ma tsaya ina tunanin yadda ake haɗa baƙaƙenta. Na so in ba ka wani labarin ƙarya don ka yi dariya in ka farka, na nema a kaina ban samu ko ɗaya ba. Na Abdoulaye mai gawayi ma da na san haka ne da ban rubuta ba. Wasiƙar tana nan tare da wannan, tunda ba ta same ka ba, ka tsallake wurin in ka ga dama.

Ka tambayi Abdou ko mai rabin ƙafa yana tsayuwa a sahu. Ni ya kamata ka tambaya. Yana tsayuwa. In bai iya ba ya zauna, in bai iya ba ya kwanta, sahu ba ya korar kowa. Amma ni ban yarda da rabi ba tukuna. Na gaya wa Ubangiji abin da nake so, da Hausa, dalla-dalla.

Huffin Alhaji na sa maka ƙarƙashin filo, ƙafa biyu. Fauzia ta ce in bar na hagun a gida kada ka gani ranka ya ɓaci. Na ce a'a, biyu Alhaji ya bari, biyu zan kawo. Takalmin kuma yana cikin durowar nan, da takardarsa a jiki. Mai shagon ya ce in bai yi ba ana iya mayarwa. Ba zan mayar ba.

Gobe kafin su tura ka ciki muna nan. In ka buɗe ido ka ga wata tsohuwa tana yi wa likita faɗa da yaren da ba ta ji, matarka ce.

Allah ya tashi kafaɗarka.

Hamdatu


Asibiti
Talata

Amarya,

Salam. Kin tafi gida da zazzaɓi, Mama ta ce ba za ki fito ba sai kin warke, don haka ga rahoto ta hannun Zeinabou.

Yau suka buɗe. Biyu sun tafi Kumasi, ƙaramin da maƙwabcinsa. Sauran sun zauna. Likita ta soka wa na uku allura na yi ihu, ta yi dariya ta ce ihun nan take nema. Ƙafa tawa ce, Kaka. Za a daɗe kafin in taka, amma zan taka.

Na karanta labarin Abdoulaye ban tsallake ba. Na sa huffin dama, ya zauna kamar don ni aka ɗinka. Na hagun yana kan ƙirjina.

Tayar tana wurin Abdou. Mama ba ta tambaya ba, ni ma ban ce komai ba.

Yanzu sai ki faɗa mini matsayina. Kin ce ba kya auren gurgu.

Latif


Grand Concourse
Ranar Laraba

Maigida,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi. Na yi sujada, sai da Fauzia ta ɗaga ni.

Na yi shawara da zuciyata, zan zauna. Alhaji ma da haƙori huɗu na ƙarasa da shi. Na sallami tsohon hawa na huɗu.

Tayar ba ta wurin Abdou, na aika an kawo mini. Tana nan gefen gadona na ɗora mata ɗankwali, a kanta nake ajiye tabarau. Ran da ka hawo benen nan da ƙafarka, huffi a ciki, takalmi a waje, ka zuge zif a ƙofa na gani da idona, sai mu zauna mu uku mu yi maganarta.

Huffin hagu kada ka damu in ya yi yawa a baki. Na ajiye auduga.

Taka,
Hamdatu